Damagaram, Yamai ko Agadas: Ina Ya Kamata Mai Iyali Ya Fara Zuwa Buɗe Ido Daga Maraɗi?

Ƙanena yana koyarwa a wata makarantar firamare a nan Maraɗi, kuma da kaka ta yi ya kwashi adashinsa, sai ya zo ya same ni bayan sallar isha'i da wata tambaya wadda na ɗauka mai sauƙi ce, har sai da na buɗe baki zan amsa. Ya ce: "Yaya, ina da kwana goma a hutun ƙarshen Disamba, kuma ina so yaran nan su ga ƙasarsu da idonsu. In kai ne, ina za ka kai su?" Ƴaƴansa uku ne, babban yana da shekara 12, ƙaramar ba ta wuce biyar ba, kuma manyan biyun sun haddace sunayen duwatsun Azbin da kogin Isa, wato kogin Neja, da hamadar Tenere a lakwal, alhali kuwa mafi nisan tafiyar da suka taɓa yi ita ce zuwa Tsibiri gaishe da kakarsu. Na bi hanyoyin nan uku da tunaninsa yake kai, wato ta Damagaram da ta Yamai da ta Agadas, wata don aiki, wata don zumunci, saboda haka na ga ya dace in shimfiɗa amsar da tsawo, domin na san ba shi kaɗai ba ne yake riƙe da ɗan kuɗi da ƴan kwanaki yana tsoron kada ya zuba su inda ba za su yi albarka ba.

Abin da ya sa zaɓin yake da wuya shi ne girman ƙasar. Faɗin Nijar ya kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma wuraren da ake marmarin gani sun watsu ne a kusurwoyinta, kowanne yana fuskantar wata alƙibla dabam. Mu mutanen Maraɗi mun yi sa'a da muke zaune a kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutse da Birnin Ƙwanni, ta wuce mu ta nufi Tasawa da Damagaram har Difa. Daga nan zuwa Damagaram kimanin kilomita 240 ne, zuwa Yamai kimanin 660, zuwa Agadas kuwa wajen 700 ko fiye, gwargwadon hanyar da aka bi. Wanda ya yi niyyar haɗa biyu daga cikinsu a kwana goma tare da ƙananan yara, rabin hutunsa a kan kujerar kar, wato babbar motar fasinja, zai ƙare, yaran kuma abin da za su riƙa tunawa shi ne gajiya da ƙura.

Kafin a auna ukun nan, dole a cire wasu wurare daga lissafi, kuma ina cire su ne da baƙin ciki. Gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954 a inda kogin Isa ya yi lanƙwasa irin ta wannan harafi, kuma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1996, shi ne wurin da ɗan Nijar zai ga giwa da ɓauna da zaki a cikin dajinsu, amma ƴan bindiga sun daɗe suna kai komo a yankin, kuma ba wurin kai iyali ba ne a yanzu. Haka kasuwar Ayoru da dorinun da ke kusa da ita a jihar Tilaberi, haka gaɓar tafkin Cadi a jihar Difa, wadda take ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2015. Su kuwa Bilma da Fashi, inda ayarin raƙuma yake ɗauko kantun gishiri, da kangayen Jado, da gandun Termit da aka kafa a 2012, tafiya ce ta kwanaki a cikin sahara da motoci fiye da ɗaya, wadda ta fi ƙarfin adashin malamin makaranta. Abin da ya rage a hannun mai iyali shi ne garuruwan nan uku da abin da ke kewaye da su.

Na fara da Damagaram, domin ita ce aka fi rainawa saboda kusancinta. Kar ɗin da ya tashi da asuba yakan isa da hantsi, kuma hanyar kanta darasi ce ga wanda ya san abin da yake wucewa. Bayan Tasawa akwai Maijirgi, inda kaburburan Bule da Shanuwan suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ratso ƙasar Hausa da ƙone-ƙone da kisa a 1899, har sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a watan Yuli na shekarar. Kafin a shiga gari kuma akwai Tirmini, inda rundunar Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ta gwabza da ragowar wannan runduna a ƙarshen watan nan. Yaron da aka nuna wa waɗannan wurare biyu ta tagar mota, aka gaya masa abin da ya faru, ba zai sake karanta tarihin zuwan Nasara kamar labarin wata ƙasa mai nisa ba.

Garin kansa kashi biyu ne a asali, Birni da Zango. Birni shi ne mazaunin sarauta, inda fadar Sarkin Damagaram take, da ragowar ganuwar da ake dangantawa da Sarki Tanimun, wanda ya ƙarfafa daular a ƙarni na 19 har ana ƙera igwa a garin. Zango kuwa unguwar fatake ce, inda ayarin da ke fitowa daga arewa yake sauka. Abin da ya bambanta Damagaram da duk wani garin Hausa da na sani shi ne manyan duwatsun da suke zaune a tsakiyar gidaje, wani a kan wani, kamar an ɗora su da hannu, har sai mutum ya bi lungu ya tarar dutse ne bangon gidan wani. A wata tafiya da na yi da ɗana, lokacin yana da shekara tara, mun tsaya a gaban wani tsohon gida a Birni wanda aka yi wa ado da zanen ƙasa mai tudu a fuskar zaure, zankwaye a samansa, launin ya koɗe amma zanen yana nan daram. Yaron ya sa yatsa yana bin layin zanen, sai wani dattijo da ke zaune a dakali ya ce masa: "Bi a hankali, ɗan samari, hannun da ya yi wannan ya riga kakanka kwanciya." Daga nan dattijon ya tashi ya nuna mana inda aka sake yaɓe da siminti da inda ƙasar asali take, kuma bambancin a fili yake, domin wurin siminti ya tsage, na ƙasar bai tsage ba.

Fada tana karɓar baƙi idan an nemi izini a ƙofa cikin ladabi, dogarai za su haɗa mutum da wanda zai zagaya da shi, kuma ya kamata a tanadi ɗan goron da za a ba shi. Barikin soja da ke kan dutse, wanda Faransawa suka gina, daga nesa ake kallonsa kuma ba a ɗaukar hotonsa. Garin ya riƙe matsayin babban birnin mulkin mallaka har 1926, lokacin da aka mayar da shi Yamai, saboda haka akwai tsofaffin gine-ginen wancan zamani a tsakanin Birni da Zango. Ranar Alhamis kasuwa take cika, dukawa suna baje jakunkuna da takalma da matasan fata waɗanda garin ya yi suna a kansu. Ranar Lahadi kuma sai a nufi Mirya, wadda ba ta kai kilomita 20 ba, don ganin tukwane da lambuna, wanda yake da sauran kwana kuma ya ƙarasa Gidimuni a kan hanyar Gure, inda tafkuna da dabino suke kwance a tsakanin tuddan yashi.

Akwai wani dalili da ya sa nake gaggauta mutane zuwa Damagaram. A farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Na taɓa yin sallar azahar a cikinsa a tsakiyar bazara, kuma har yau ina tuna sanyin da ke tsakanin ginshiƙansa masu kauri alhali waje yana ci kamar wuta. Na yi ta cewa zan koma da sauran yarana su gani, ban koma ba, ga shi yanzu sai dai in ba su labari. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin ana yi masa yaɓe, kuma damunan shekarun nan ba sa raga masa. Aibin Damagaram da ya kamata a faɗa shi ne ƙarancin ruwan sha, wanda ya fi tsanani da bazara, sai kuma cewa wanda yake neman ganin namun daji ko wani yanayi da ya sha bamban da namu ba zai same shi a can ba. Harshe ɗaya ne, abinci ɗaya ne, kuma gero da gawo ne dai a gefen hanya tun daga nan har can.

Yamai ita ce ke ba yara abin da Damagaram ba ta da shi, amma sai an biya da wuni guda cur a mota, tafi da dawowa kwana biyu ke nan. Abu na farko shi ne kogi. Ɗan Maraɗi wanda iyakar ruwan da ya sani shi ne gulbi mai zuwa da damina ya ƙafe da rani, idan ya tsaya a kan gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970, ya ga ruwa yana tafiya ba ya yankewa, masunta a kwalekwale, masu wanki a gaɓa, gonakin shinkafa a ɗaya hayin, wani abu yakan sauya a tunaninsa game da ƙasar da aka ce masa hamada ce. Disamba da Janairu lokaci ne mai kyau, domin a sa'an nan ne ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini yake isowa, kogin ya cika ya batse. Abu na biyu shi ne gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959. A wuri guda yaro zai ga tufafin kowace ƙabila da bukkokinta, da masu sana'ar hannu suna aiki a gabansa, da zakoki da kuraye da dorina a keji, da ƙasusuwan manyan dabbobin farkon zamani da ake kira dinozor, waɗanda aka tono a saharar jihar Agadas. A nan ne kuma aka ajiye kututturen bishiyar Tenere, wadda ta yi shekaru tsaye ita kaɗai a tsakiyar sahara tana nuna wa ayari hanya, har wata babbar mota ta buge ta a 1973. Ba zan ɓoye ba, ganin zaki a ƙaramin keji ba ya faranta mini rai, amma ga yaro ɗan shekara biyar wannan gida ya fi fadar kowane sarki.

Babban abin da ke jan mutane yamma dai shi ne raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 kafin a shiga Yamai, a kan hanyarmu. Su ne ragowar irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 an ƙirga su an sami 49 kacal, sai aka tsananta hana farautarsu, aka riƙa tallafa wa ƙauyukan da suke zaune tare da su, har adadinsu ya haura 600 bayan kimanin shekara ashirin. Ba a cikin shinge suke ba, a cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen ƙaya da na gawo, wani lokaci kuma su shiga gonar wake, abin da manoman wurin suke haƙuri da shi. Ranar da na je, mun yi kusan sa'a guda muna kewaya cikin sabara ba mu ga komai ba, ɗan jagoran yana zaune a bisa rufin mota yana nuna wa direba hanya da sanda. Can sai ya buga rufin sau biyu, muka tsaya, muka sauka muka taka a ƙasa. Abin da na ɗauka reshen bishiya ne sai ya motsa, ashe wuya ne. Su bakwai ne, da ɗan ƙarami a tsakiyarsu, fatarsu ta fi haske a kan wadda ake gani a hotuna, kuma babu wani sauti sai ƙarar ƙaya da suke tsinka da harshe. Babbar ta dube mu daga sama na ɗan lokaci, sa'an nan ta ci gaba da kiwonta.

Sai dai akwai abubuwa biyu da suke rage wa Kure daraja a lissafin ƙanena. Na farko shi ne lokaci: da damina ne raƙuman dawan suke hawowa tudun da ke kusa da kwalta, da rani kuwa sukan gangara fadamar Dallol Boso inda gawo yake da ganye, saboda haka mai zuwa a Disamba zai ƙara tafiya da kuɗin mai, kuma yana iya dawowa bai gan su ba. Na biyu ya fi nauyi. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan jagora, kuma tun daga ranar ziyarar ba ta koma yadda take ba. Duk wanda zai je, wajibi ne ya fara tambayar jandarmomi da ma'aikatan gandun daji halin da ake ciki a makon da zai tafi, ba labarin bara ba. Ga kuma tsadar Yamai, domin wanda ba shi da ɗan'uwa da zai sauke shi, kuɗin masauki da na taksi kaɗai suna iya cinye abin da zai ishe shi mako guda a Damagaram.

Agadas kuwa, in ana maganar abin da ido zai gani, babu wadda ta kama ƙafarta, kuma ba na jin akwai wanda ya je ya dawo da zai musa. Hanya biyu ce daga Maraɗi: ko a bi ta Damagaram da Tanut da Adarbisinat, ko a yi yamma zuwa Tsarnawa a hau ta Tawa da Abalak. Ta Tawa ita ce hanyar yuraniyom da ke zuwa Arlit, kuma wasu sassanta sun lalace ƙwarai, ta yadda awowin tafiya ba sa bin lissafin kilomita. Ko ta wace aka bi, mutum yana kallon ƙasa tana sauya kama a gabansa, gonaki su ƙare, makiyaya su karɓa, bishiyoyi su gajarce su yi nisa da juna, har a wayi gari babu komai sai tsakuwa da sarari. Abin da yake ba Bahaushe mamaki shi ne, bayan duk wannan nisa, ya sauka ya ji Hausa ce ake yi a kasuwa da tasha da ƙofar fada, ta yadda ba ya bukatar tafinta.

Tsohon garin, mai unguwanni 11, ya shiga jerin gadon duniya na UNESCO a 2013. A tsakiyarsa hasumiyar babban masallaci take, tsawonta mita 27, da ƙasa zalla, itatuwa sun fito a jikinta ta kowane gefe, waɗanda magina suke takawa idan za a yi yaɓe. An fara gina masallacin wajen 1515, aka sabunta shi a 1844. Na hau ta sau ɗaya bayan la'asar da izinin mai kula da ita. Matakalar tana ƙara ƙunci yayin da ake hawa, har sai da na riƙa tafiya a karkace, kafaɗuna suna gogar bango, ga duhu ga warin jemagu, kuma mai jiki ko mai ciwon gwiwa bai kamata ya gwada ba. Da na fito sama sai ga garin duka a shimfiɗe, launinsa ɗaya da ƙasar da aka gina shi da ita, fadar Sarkin Azbin a ƙasa kusa, ga kuma duwatsu shuɗi-shuɗi a arewa. A ƙasa akwai gidan da Bajamushen matafiyin nan Hainrik Bart ya sauka a 1850, akwai maƙeran azurfa, akwai kasuwar raƙuma, akwai cuku. Wanda ya dace da watan Muharram zai tarar da bikin Biyanu, wanda ya zo a Satumba kuma zai iya ƙarasawa Ingal, inda Abzinawa da Fulanin Bororo suke taruwa da dabbobinsu don lasar gishiri.

Amma a nan ne ya kamata mai zaɓi ya tsaya ya yi wa kansa gaskiya, domin hotunan da suke sa mutane kwaɗayin arewa yawancinsu ba a cikin gari aka ɗauke su ba. Timiya, mai lambunan lemo da rumman da ruwan da ke zubowa daga dutse, tana da nisan fiye da kilomita 200 daga Agadas a kan hanyar da ba kwalta. Dutsen Bagzam, inda ƙololuwar ƙasar take da tsawon mita 2,022, da ƙafa ko da jaki ake hawansa. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zanen raƙuman dawa biyu da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita 5, shaida ce cewa inda yake sahara a yau ya taɓa zama daji mai ciyawa. Gandun Azbin da Tenere ya shiga jerin UNESCO a 1991, kuma tun 1992 yake cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari. Duk waɗannan wurare suna bukatar hayar katkat, wato mota mai ƙarfin shiga yashi da duwatsu, da direban da ya san ƙasa, da mai da ruwa na kwanaki, da sanar da hukuma, wani lokaci har da rakiyar jami'an tsaro, domin masu tare hanya sun yawaita tun da haƙar zinariya ta buɗe a arewa. Kuɗin kwana uku a Azbin yana iya fin na dukan tafiyar Damagaram. Ga sanyi kuma, domin daren Disamba a cikin duwatsun nan ya fi hunturun Maraɗi nesa ba kusa ba, kuma ba zan kwana da yarinya ƴar shekara biyar a waje a cikinsa ba.

Saboda haka idan aka ɗora ukun a kan sikeli, kowanne yana da mutumin da ya dace da shi da kuma watan da ya dace da shi. Agadas ta manya ce, abokai uku ko huɗu da za su haɗa kuɗin mota, masu mako biyu a hannu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kuma wanda zai tsaya a cikin gari kawai ya sani cewa kwana biyu ko uku sun ishe shi, sai ya auna ko sun cancanci wahalar hanya. A ganina sun cancanta ga baligi, ba su cancanta ga ƙananan yara ba. Yamai ta mai ɗan'uwa a can ce, kuma lokacinta biyu ne da ba sa haɗuwa: mai son cikar kogi ya je da sanyi, mai son raƙuman dawa ya je a babban hutun damina. Damagaram kuwa tana karɓar kowa a kowane lokaci in ban da tsakiyar bazara, ba ta bukatar hayar mota ko rakiya, kuma idan yaro ya kwana da zazzaɓi, kafin azahar an dawo da shi gida. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga uwar yara, kuma da na faɗa wa matar ƙanena, shi ne abin da ta fi riƙewa.

Akwai wuri na huɗu da yake ci mini tuwo a ƙwarya, domin namu ne kuma mu ne muka fi kowa jahiltarsa. Gandun Gadabeji, a arewacin Dakoro cikin jiharmu, an keɓe shi tun 1955, faɗinsa kadada 76,000, kuma UNESCO ta amince da shi a 2017 a matsayin gandun kare halittu. Akwai barewa a cikinsa, kuma a 2018 aka ɗauko raƙuman dawa takwas daga yankin Kure aka sake su a can, aka ƙaro huɗu a 2022, bayan shekaru da dama da ɓacewarsu daga wannan yanki. Wato dabbar da ake tafiya kilomita 600 don gani tana nan a bayan gidanmu. Ban sa shi a sahun ukun farko ba saboda ƴan kaɗan ne a cikin daji mai faɗi, babu masaukin kirki, kuma bayan Dakoro sai da mota mai ƙarfi da izinin ma'aikatan gandun daji. Tafkin Madarunfa kuwa, da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa sun kewaye shi, tafiyar wuni ce da za a iya yi kowace Lahadi, muddin an je da rana an dawo da rana, ba a kuma zarce kudu wajen dajin Baban Rafi ba, inda ɓarayin daji suke addabar ƙauyukan kan iyaka.

Abin da na ce wa ƙanena shi ne ya ɗauki kwana biyar a Damagaram, ya tashi ranar Laraba don ya sami kasuwar Alhamis, ya yi Juma'a a Birni inda yaran za su ga fitowar sarki zuwa masallaci da dogarai, ya huta Asabar yana yawon lungunan Zango, ya je Mirya ranar Lahadi, ya dawo Litinin. Na ce ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa da na matarsa da takardun haihuwar yara saboda shingayen bincike, ya sayi tikiti tun jajibiri, ya nemi kujerun gaba. Abin da ya rage na adashin ya ajiye shi don babban hutu, idan hanyar yamma ta yi lafiya ya kai su Yamai su sauka wurin ƙanwarmu. Babban ɗan nasa, wanda yake zaune a bakin tabarma yana sauraronmu, sai ya ce: "Baba Babba, to Agadas fa?" Na ce masa ranar da ya sami birbe, wato takardar kammala ƙaramar sakandare, ni da kaina zan kai shi, kuma zan sa shi a gaba a matakalar hasumiya, domin kafaɗunsa za su fi nawa sauƙin wucewa.